Arzikin ƙasa na ƙaruwa, talaka bai gani a ƙasa ba: ina gizo ke saƙa?

"Malam barka da warhaka. Ni ɗalibi ne, akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. Kullum sai ka ji an ce tattalin arzikin ƙasa kaza ya haɓaka da kashi kaza, amma in ka duba talakawan ƙasar suna nan jiya i yau, masu kuɗi ne kawai ke ƙara gaba. Wai laifin shugabanni ne da cin hanci, ko kuwa haka yanayin ƙasashe masu tasowa yake, dole sai an bi ta nan kafin a kai gaci? Don Allah a warware min."

Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. In na fahimce ka da kyau, so kake ka san ko giɓin da ke tsakanin mai shi da maras shi aikin mutane ne, wato shugabanni da dokoki da hukumomin da suka kafa, ko kuwa ya samo asali ne daga irin sana'ar da ƙasa ke ci da ita, ta yadda ko waliyyi aka ɗora kan mulki haka zai tarar haka kuma zai bari. Ni dai abin da na gano a shekarun da na yi ina aikin ƙididdigar kuɗin shigar gidaje da bin diddigin kasafin kuɗi shi ne, yawancin rabon an riga an gama shi tun kafin kuɗin su iso. Wa ke da gona, wa ya yi karatu, wa ke riƙe da lasisi, wa kotu za ta saurara in ya kai ƙara, su ne ke yanka wa kowa nasa, bunƙasar tattalin arziki kuma in ta zo kamar ruwan sama take, magudanar da ta tarar ita take bi. Cin hanci yana ciki kam, amma shi kaɗai bai isa bayani ba, don akwai ƙasar da ba ta yi ƙaurin suna da sata ba amma giɓinta na cikin mafi faɗi a duniya, za mu zo kanta.

Da me ake auna giɓin?

Abin da aka fi amfani da shi shi ne ma'aunin Gini, sunan wani masani ɗan Italiya ne, Corrado Gini, da ya fito da shi a 1912. Daga 0 yake zuwa 100, sifiri na nufin kowa samunsa ɗaya, ɗari kuma mutum ɗaya ya haɗiye komai. Ƙasashen arewacin Turai suna tsakanin 25 da 30. Burazil ta haura 50, Afirka ta Kudu kuwa Bankin Duniya ya sa ta a 63 a ƙididdigar 2014.

Sai dai ka yi hattara da waɗannan alƙaluma. A Latin Amurka kuɗin shiga ake tambaya, a yawancin ƙasashen Afirka da kudancin Asiya kuma abin da gida ke kashewa ake tambaya, kuma ka san attajiri ba ya iya cinye samunsa, saboda haka in ka auna da kashewa sai giɓin ya fito ƙarami fiye da yadda yake. Ga kuma wata matsalar da na gani da idona. Na taɓa jagorantar masu ɗaukar bayanai, an zaɓo mana gidaje ta hanyar ƙuri'a kamar yadda ƙa'ida ta ce. A unguwar talakawa wahalarmu ita ce yadda za mu samu mu tashi, mai gida zai lissafo maka komai har kuɗin sabulu, matarsa na daga ciki tana gyara masa inda ya manta. A unguwar manya kuwa iyakarmu bakin get, maigadi ya buɗe 'yar taga ya ce oga ba ya nan, mu dawo gobe oga ya yi tafiya, in an yi sau uku ƙa'ida ta ce a musanya da wani gidan, gidan da zai buɗe maka ƙofa kuma ba ya taɓa zama sa'an wancan a dukiya. Haka muka haɗa rahoto mai kyau, amma na san can saman tsanin babu kowa a ciki. Shi ya sa masana yanzu suke haɗawa da bayanan ofishin haraji in sun samu, kuma kusan duk inda aka yi haka sai a ga kason na sama ya fi yadda ake zato.

Maganar "dole sai an bi ta nan"

Wannan ra'ayi yana da asali, ba kai ka fara shi ba. A 1954 Arthur Lewis, ɗan tsibirin Saint Lucia wanda ya taɓa zama mashawarcin Nkrumah a Gana, ya kwatanta ƙasa mai tasowa da gida biyu, ƙauye cike da mutane masu samu kaɗan, da birni mai masana'antu da ke jawo su sannu a hankali. Muddin akwai sauran mutane a layi suna jiran aiki, albashi ba zai tashi ba, riba ce za ta yi ta tashi. Shekara ɗaya bayan nan, 1955, Simon Kuznets ya ce giɓi yakan faɗaɗa a farkon bunƙasa, ya kai ƙololuwa, sannan ya sauko. Gwamnatoci da yawa sun ji daɗin wannan magana, don tana nufin a yi haƙuri komai zai daidaita da kansa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayanan Amurka da Ingila da Jamus ya dogara da su, kuma shi da kansa ya ce kashi 5 na aikin ne hujja, 95 hasashe ne.

Da aka samu bayanan ƙasashe da yawa sai aka ga babu wata hanya ɗaya da kowa ke bi. Koriya ta Kudu da Taiwan sun yi gudun da ba a taɓa gani ba daga shekarun 1960 kuma giɓinsu bai yi wani tashi ba. Latin Amurka ta hau ƙololuwar ta yi zamanta shekara da shekaru. Sin kuma ta fitar da mutane kusan miliyan 800 daga matsanancin talauci bayan sauye-sauyen 1978, amma Gininta ya tashi daga wajen 30 zuwa 49 a 2008 a lissafin hukuma, kuma wani ɓangare na wannan aikin doka ne tsagwaronta, tsarin rajistar mazauni da suke kira hukou, wanda ke sa ɗan ƙauye ya yi shekaru yana aiki a birni amma ɗansa ba shi da cikakken haƙƙin makarantar birnin. Ka lura da wannan, talauci daban giɓi daban, ɗaya na iya sauka ɗayan na hawa.

Wa ke riƙe da ƙasa ranar da aka buɗe kasuwa

Nan ne nake so ka tsaya sosai. Me ya sa Koriya da Taiwan suka fita daban da sauran? Kafin su gina masana'anta sai da suka raba gona. A Taiwan, 1949, aka ce mai gona ba zai karɓi fiye da kashi 37.5 na amfanin da manomi ɗan haya ya noma ba, a 1953 kuma aka tilasta wa manyan masu filaye su sayar wa masu nomawa, aka biya su da takardun lamuni da hannun jari a kamfanonin gwamnati. Koriya ta Kudu ta yi irin nata a 1950, aka ƙayyade wa kowane gida wajen hekta 3. Manomin da a da yake miƙa rabin guminsa ga wani, yanzu rarar tasa ce, da ita ya sa 'ya'ya a makaranta, 'ya'yan nan su suka cika masana'antu bayan shekara ashirin. Kuma kar ka ɗauka tausayi ne ya kawo haka, tsoro ne, 'yan gurguzu na maƙwabtaka suna yi wa manoma alkawarin gona kyauta, sannan gwamnatin Taiwan baƙuwa ce da ta gudo daga babban yankin Sin, ba ta da dangi cikin masu filayen da za ta ji kunyarsu.

Yanzu ɗora Afirka ta Kudu kusa da su. Dokar filaye ta 1913 ta ware wa baƙar fata, su da suke mafi rinjaye, wajen kashi 7 na ƙasar, a 1936 aka ƙara zuwa kusan 13. A 1953 aka kawo dokar ilimin baƙar fata da aka tsara da gangan don kar su wuce aikin ƙarfi. An rushe wariyar launin fata a 1994, an rubuta tsarin mulki mai kyau, akwai kotuna masu zaman kansu, akwai tallafin da miliyoyi ke karɓa duk wata, amma gona da jari da ilimi da ma nisan gidanka daga wurin aiki duk gadonsu ake yi, soke doka ba ya mayar da su. Rashin aikin yi kuma ya haura kashi 30. Burazil ma kusan haka, gonakin rake da na kofi da bayi suka noma, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta hana bauta a 1888, kuma sai 1985 aka bar wanda bai iya karatu ba ya jefa ƙuri'a. Ka ga dabara, ba a gina maka makaranta ba, sannan an ce tunda ba ka yi makaranta ba ba ka da bakin zaɓen wanda zai gina ta.

Akwai wani bincike da nake yawan ba ɗalibai misali da shi, na Melissa Dell a kan Peru. Daga 1573 zuwa 1812 Turawan Sifen sun tilasta wa garuruwan da ke cikin wani yanki da suka shata su riƙa aika maza aikin haƙar azurfa a Potosi. Shekara kusan ɗari biyu bayan an daina, ta kwatanta garuruwan da ke gefe da gefen layin nan, ƙasa iri ɗaya, mutane iri ɗaya, ta tarar na cikin layin abin da gidajensu ke kashewa ya gaza na waje da wajen kashi 25, hanyoyinsu ma sun fi lalacewa. Irin wannan tunani, cewa hukumomin da aka kafa don tatsa suna daɗewa bayan masu kafa su sun tafi, shi ya ba masana tattalin arziki Acemoglu da Johnson da Robinson kyautar Nobel a 2024. Na yarda da jigon maganarsu, amma ina da ja a kan masu mayar da ita tamkar ƙaddara, ai Koriya ma mulkin mallaka ta sha a hannun Japan har 1945.

Daga ina kuɗin ƙasar ke fitowa

Ɗaya ƙafar kenan, tsarin tattalin arziki. Dala biliyan ɗaya da ta fito daga ɗinkin tufafi ba ɗaya take da wadda ta fito daga rijiyar mai ba. Ta farko sai ta ratsa hannun dubban ma'aikata kafin ta taru, ta biyu injina ne da ƙwararru 'yan kaɗan, daga rijiya sai asusun kamfani da baitulmali. Kuma in dalar mai ta yi yawa kuɗin ƙasa kan yi ƙarfi, kayan waje su yi arha, manomi da mai ƙaramar masana'anta su kasa gasa, wannan shi ake kira cutar Holand, saboda abin da ya samu ƙasar bayan ta gano iskar gas a 1959. Mafi muni shi ne abin da yake yi wa gwamnati, wadda ba ta buƙatar harajinka ba ta buƙatar yardarka, sai hanyar arziki ta koma kusanci da mai rabo maimakon ƙirƙirar wani abu.

Amma ko nan ma akwai zaɓi. Indonesiya da Najeriya duk sun samu garaɓasar mai a shekarun 1970, duk a hannun sojoji, kuma ba wanda zai ce gwamnatin Suharto ta Indonesiya tsarkakakkiya ce. Sai dai Indonesiya ta zuba kuɗi a noman shinkafa da taki da madatsun ruwa, ta gina firamare sama da 61,000 tsakanin 1973 da 1978, ta kuma karya darajar kuɗinta don kar manoma su durƙushe, Najeriya kuwa ta bar noman da take fitarwa waje ya mutu. Talaucin karkara ya faɗi warwas a can, a nan bai yi ba.

Ga ƙasar da na yi maka alkawari, Botsuwana. Tun samun 'yancinta a 1966 take zaɓe ba juyin mulki, ta yi yarjejeniyar rabin-da-rabi da kamfanin De Beers a kan lu'u-lu'u, ta gina hanyoyi da asibitoci da makarantu, ana buga misali da ita wajen ƙarancin cin hanci a Afirka. Duk da haka Gininta ya haura 50. Dalili, haƙar lu'u-lu'u ba ta ɗaukar mutane da yawa, shanu kuma waɗanda su ne dukiyar karkara tun asali a hannun 'yan tsiraru suke. To ka ga gaskiyar shugabanni ba ta isa ba in sana'ar ƙasar ba ta samar da aiki.

Sannan hanyar da Lewis ya hango ta ƙuntace. Masanin tattalin arziki Dani Rodrik ya nuna cewa ƙasashe matalauta na yanzu masana'antunsu na fara ja da baya tun ba su yi arziki ba, mutane na barin gona amma ba masana'anta suke shiga ba, talla ce da acaɓa da 'yan buge-buge. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a rahotonta na 2018 ta ce sama da kashi 85 na masu aiki a Afirka a irin wannan ɓangare suke, ba takardar ɗaukar aiki ba fansho. Shi ya sa in aka ƙara mafi ƙarancin albashi a irin waɗannan ƙasashe, abu ne mai kyau, amma mafi yawan talakawa a rediyo kawai suke jin labarin. A can sama kuma ga 'yan lele, wanda aka ba lasisin shigo da kaya shi kaɗai, wanda ke samun dala a farashin gwamnati ya sayar a kasuwar bayan fage, wanda aka sayar wa kamfanin gwamnati ba tare da an buɗe kasuwar ga abokan gasa ba, kamar yadda kamfanin tarho na Meziko ya koma hannun Carlos Slim da abokansa a 1990 har ya kai ga zama wanda ya fi kowa kuɗi a duniya na wasu shekaru. Yawancin wannan fa bisa doka ake yi, da sa hannu da hatimi.

Haraji, inda ake gyara ko a ƙara ɓatawa

Mutane na ɗauka Turai daidai take tun daga kasuwa, ba haka ba ne. In ka auna kafin haraji da tallafi da fansho, ƙasashensu da yawa na kusa da 50, gwamnati ce ke sauko da shi zuwa wajen 30. Tana iyawa ne don tana tara wajen kashi 40 na abin da ƙasa ke samarwa a matsayin haraji, matsakaicin Afirka kuwa wajen 16 ne, kuma kaso mai tsoka daga harajin kayan masarufi yake, wanda talaka da ke kashe duk samunsa shi ya fi jin zafinsa. Binciken Nora Lustig da abokan aikinta ya nuna a wasu ƙasashe in ka haɗa abin da talaka ya biya da abin da aka ba shi a hannu, asara ya yi. Tallafin mai ma da ake cewa na talaka ne, binciken Asusun Lamuni na Duniya ya nuna kashi 20 na sama suna cin ninki shida na abin da kashi 20 na ƙasa ke samu, tunda su ke da motoci da janareta. Amma fa cire shi ba tare da an tanadi abin da zai maye gurbinsa ba gudun gara ne a faɗa gidan zago, tsadar mota da ta abinci kan talakan za ta sauka, kuma yana da hujja in ya ƙi yarda cewa rarar za ta dawo masa.

An taɓa ba ni aikin duba jerin kamfanonin da aka yafe wa haraji a wata ma'aikata. Kowane da dalilinsa mai daɗin ji, jawo masu zuba jari, sabuwar masana'anta, amma na ga kamfanin da aka sabunta wa hutun "sabon shiga" sau da sau, ya canja suna kawai, adireshi ɗaya daraktoci ɗaya. Da na sauko ƙasa kuma sai na tarar jami'ai sun ƙwace wa wata mai kanti sikelinta a kan kuɗin da bai kai na man motar ɗaya daga cikin daraktocin nan ba. Kashin dankali kenan, kuma ba za ka ga wancan yafiyar a cikin kasafin da ake karantawa a majalisa ba, tunda kuɗin da ba a karɓa ba ba ya bayyana a matsayin kashewa.

Abin da ya yi aiki a wasu wurare

Burazil ta sauko daga kusan 60 zuwa wajen 53 tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da 2014. Kowa na ambaton Bolsa Familia, tallafin da shugaba Lula ya fara a 2003 wanda ake ba iyaye mata bisa sharaɗin yara su je makaranta a yi musu rigakafi, kuma a wancan lokacin kuɗinsa wajen rabin kashi ɗaya ne kawai na arzikin ƙasar. Amma mafi yawan saukar daga albashi ta zo, ƙarin mafi ƙarancin albashi wanda fansho ma ke bin sa, da yaɗuwar ilimi da ta rage tazarar mai digiri da maras shi. Da aka haɗa da bayanan haraji kuma sai aka ga kason na can sama kusan bai motsa ba, sannan karayar tattalin arziki ta 2015 ta cinye wani ɓangare na nasarar.

Wani misalin mai arha shi ne Yuganda. An bi sawun kuɗin da gwamnati ke aika wa firamare tsakanin 1991 da 1995, aka tarar kashi 13 ne kacal ke isa makaranta, sauran na maƙalewa a ofisoshin gunduma. Sai aka fara buga abin da aka aika a jaridu, aka ce kowace makaranta ta manna a allon sanarwa, zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Rabon gona kuma ba kullum yake kyau ba, Zimbabuwe ta yi nata da ƙarfin tsiya daga 2000, noma ya faɗi, wasu manyan gonakin suka ƙare a hannun na kusa da mulki.

Iyakar wannan fanni namu ita ce ba ma iya gwaji, ba za ka mayar da ƙasa baya ka canja abu ɗaya ka ga me zai faru ba, kuma har gobe masana na jayayya kan ko hukumomi nagari ne ke kawo arziki ko arziki da ilimi ne ke haifar da su. Abin da Taiwan ta yi ma a yanayin bayan yaƙi aka yi shi, ba zan ba wata ƙasa shawarar ta kwafa ido rufe ba. Kai dai tunda ɗalibi ne, zaɓi ƙasa ɗaya ka shiga shafin bayanan talauci na Bankin Duniya, ka fara duba ko Gininta na kuɗin shiga ne ko na kashewa da shekarar da aka yi ƙidayar ƙarshe, sannan ka nemo manyan kayayyaki uku da take fitarwa waje ka ga mutum nawa suke ɗauka aiki. In ma'aikatar kuɗinta na fitar da rahoton harajin da aka yafe, ɗora jimillarsa kusa da kasafin firamare na wannan shekarar.